Yadda Muka Ɗauko Motar Kawu Isa

Sabo

Ƙarfe shida saura kwata, muna idar da sallar Asuba, muka fito daga unguwar Sabo ta Ibadan ni da Kawu Isa, ƙanin mahaifiyata, wanda ke sayar da albasa a kasuwar Shasha. Ni bakanike ne. Tun ina yaro nake jin Kawu yana zancen wata motar Jamus mai ƙofa biyu, sai bana Allah ya hore masa. Ya ce in raka shi Legas in duba injin: in na ce a saya, a saya, in na ce a bari, a bari. Okada ta kai mu tashar Iwo Road, bas ta tashi bakwai saura.

Legas

Tafiyar ba ta wuce kilomita ɗari da talatin ba, amma cunkoso ya riƙe mu har goma da rabi. Dillalin Bayarabe ne, Oga Femi. Awa biyu na yi a kan motar, har ƙarƙashinta na shiga, ban ga aibi ba. Da na buɗe murfin tanki sai na ga an rubuta irin man da take so.

Oga Femi ya ce, "Alhaji, na premium e dey chop o." Wato mai na musamman, mai tsada, take sha.

Kawu ya dube ni. "Habu, ashe mai ba mai ba ne?"

Na ce masa injin irin wannan yana matse mai ƙwarai. In man bai jure matsi ba, sai ya kama wuta kafin lokaci, injin ya riƙa ƙwanƙwasa, musamman in an taka ta a kan hawa da rana tsaka. Motar takan rage ƙarfinta don ta kare kanta, amma ba don haka aka ƙera ta ba. Tsohuwar motarsa ta ɗaukar albasa kuwa, zuba mata mai tsada asara ce.

"To, a saya?"

Na san guminsa na shekaru ne. Na ce, "Kawu, injin lafiya lau. Amma ni ban san inda za ka riƙa samun man nan a Ibadan ba."

Ya zagaya motar sau biyu, ya shafa bayanta, ya ce a kawo takardu.

Sai a gidan mai na uku muka samu irin man. Kawu ya zuba wa famfon ido, da tanki ya kai rabi ya ɗaga hannu.

Ogere

Ni na ja. A Shagamu jami'ai suka tsayar da mu, suka duba takardu, ɗaya ya ce in ɗan taka ya ji kukanta. Uku da minti goma muka tsaya a Ogere, muka yi Azahar, muka ci tuwo da miyar kuka a rumfar wata Hajiya. Wani direban tanka, Malam Garba, ya ji zancenmu ya ce, "Shekara ashirin ina dakon mai, ban taɓa ganin bambanci da idona ba." Na ce ai ba a gani da ido, injin ne ke ji.

Da za mu tashi Kawu ya miƙo hannu. "Kawo makullin."

Ogere zuwa gida

Ya gyara kujera, ya yi bismillah, ya hau titi. Allura ta kai sittin, ta tsaya nan. Tirela ta wuce mu, motar shanu ta wuce mu. Kawu ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana murmushi shi kaɗai.

Na ce, "Kawu, ɗan taka mana ka ji abin da ka saya."

"Ina jin ta."

"Wallahi in haka za ka riƙa tuƙi, ko man da kowa ke sha ka ba ta, da wuya ta yi ƙorafi."

Ya ce, "To, ka ga ka samo mana gidan mai a Ibadan."

Biyar da kwata muka shigo Sabo. Matar Kawu, Inna Rabi, ta bar kaskon awararta ta leƙo ƙofa, ta dubi motar sama da ƙasa, ta tambaya ina ita da yara za su zauna. Kawu ya ce a tambayi Habu, shi ya ce a saya.

Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na kuma gode wa Kawu da ya yarda da maganata.