Kawu Ilu Bai Taɓa Karkacewa Ba

Kun dai san Kawu Ilu, ƙanen mahaifiyata. Kullum da hantsi yana ƙofar gida, kafaɗar hagu a ƙasa, wuya a langaɓe, yana duban gari da tausayi.

"Kai, jama'a! Garin nan kullum ƙara karkacewa yake."

Tun da ya faɗo daga kan kuka wajen ɗibar ganyen miya jikinsa ya karkace. Amma shi miƙe yake jin kansa sak, kamar taɓarya.

Ga shi da son gyaran sahu! Sai ya bi mutane yana danna musu kafaɗa. Wata rana liman ya waiwayo, ya ga sahun gaba duk ya kwanta hagu, kamar gero bayan iska.

"Lafiya, jama'a?"

"Yanzu suka daidaita, Malam," in ji Kawu. "Saura kai."

Rumbun da ya gina da hannunsa kuwa, matarsa Inna Lami ta ce faɗuwa zai yi.

"Lami, fara tsayawa daidai tukun, sannan ki duba."

Ruwan farko rumbu ya kwanta. Kawu ya zagaya shi, ya ce ƙasa ce ta zame masa.

Da ciwon baya ya hana shi noma, na kai shi wajen likitar gashin ƙashi a Kano. Ta tsayar da shi gaban madubi, ta ɗaga kafaɗar, ta miƙar da wuyan.

"Wayyo, zan faɗi! Yarinya, kin karkatar da ni!"

"Baba, dubi madubi. Yanzu ne kake daidai. Jikinka ya saba, shi ya sa yake maka ƙarya."

"Jikin da muke tare tun ina tsumman goyo ne maƙaryaci, madubin da muka haɗu yau shi ne mai gaskiya?"

Muka shiga motar Ɗambatta za mu koma gida. Gonaki na wucewa, ya lumshe ido.

"Ɗan nan, in na rufe ido, har yanzu ni ne saurayin nan mai ɗauko damin dawa, kai a sama, 'yan mata na leƙe ta kan danga. Shi nake ji a jikina. Tsohon can na madubi ban san shi ba."



Bara bayan girbi muka kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya tashe shi a saurayin nan da shi kaɗai yake gani.