Farar Ƙasar Haradhan

Haradhan Bag ya ƙare ƙarfinsa yana kiwon kifi a kududdufan mutane, bai taɓa mallakar ko guda ba. A ƙauyensu, in kifi ya fara tasowa saman ruwa yana haki, ko gyambo ya fito masa a gefe, shi ake aika wa. Zai tsuguna a bakin ruwan, ya ɗebo a tafi ya sansana, sannan ya ce a jiƙa farar ƙasa a watsa. Haka ubansa ya yi, haka kakansa. Kuma kifi na warkewa, wannan kam ba ƙarya ba ne.

Sai aka fara cike kududdufan ana dasa benaye. Matarsa ta rasu, gwiwoyinsa suka ƙi. 'Yarsa Jhuma ta ɗauko shi ta kawo shi birnin Howrah, gidan mijinta Sukanta, can saman bene. Zama a gidan mijin 'ya kuwa abin kunya ne, kuma Haradhan ya fi kowa sani. Kai a sunkuye yake cin shinkafarsa, ko tari zai yi sai ya fita baranda. Ya kuma san Sukanta ya riga ya je ya duba wani gidan tsofaffi a bayan gari, don ya ji Jhuma a kicin tana kuka tana roƙo. Sukanta ya haƙura, amma da sharaɗi: kada tsohon ya taɓa masa kaya.

Kayan nan fa abu ɗaya ne, akwatin gilashin da ke falo. Kifaye ne a ciki masu faɗi kamar faifai, ja da shuɗi, na ƙasar waje, ba a cinsu, ba a komai da su sai kallo. Sukanta ba mugu ba ne. Shi da Jhuma ba su haihu ba, sai ya ɗauki son duniya ya ɗora wa kifi.

Da damina ta shigo sai fararen ɗigo suka feso wa kifayen. Sukanta ya tsallaka kogi ya sayo wani shuɗin magani a kasuwar Lahadi, washegari ya ɗiga, ya tafi ofis. Haradhan ya wuni a gaban gilashin, ransa na ƙuna. Kifi yana goga jiki a dutse, yana neman numfashi, wai kuma wannan shuɗiyar tawada za ta warkar da shi? Haba! Shi da ya tsamo kifin kududdufi guda daga bakin mutuwa!

Da Jhuma ta shiga wanka sai ya buɗe gwangwaninsa na pan, ganyen da yake taunawa. Ya lakato farar ƙasar da ake shafa wa ganyen, ya dama a kofi, ya tsiyaya ta bayan duwatsu. Ruwan ya yi fari-fari, can ya washe. Allah sarki, ranar har da ƙarin shinkafa ya nema. Abin da bai taɓa zuwa masa a rai ba shi ne, kududdufi yana da laka da faɗin da za su shanye kaifin, akwatin gilashi kuwa ba shi da ko ɗaya.

Washegari Sukanta ya ɗebi ruwan a 'yar kwalba, ya ɗiga abin gwaji. Kullum kore yake bayarwa. Yau ya yi shuɗi, ya zarce, ya rine har ya wuce launin ƙarshe a katin awon. Ya ce pH ya haura, wato ruwan ya yi kaifi kamar an jiƙa toka. Kifayen sun yi baƙi, sun lafe a kusurwa, wani yauƙi na saɓulewa daga jikinsu.

Ya fara da mai maganin. Mutumin ya rantse da 'ya'yansa cewa maganinsa ba ya yin haka. Ya gwada ruwan famfo, lafiya ƙalau. Ya kwashe rabin ruwan akwatin ya zuba sabo, launin ya sauka. Gari ya waye, launin ya sake hawa, don Haradhan da ya ga kifayen sun ƙara lalacewa sai ya ɗora laifin a kan tawada, ya ƙara musu farar ƙasa.

Sukanta ya daina faɗa, abin da ya fi faɗan ban tsoro ke nan. Ya tambayi Jhuma ko ta sa hannu da sabulu, ta ce a'a. Ya tambaya ko ta fesa maganin sauro, ta ce a'a. Da ta zo wanke kwanuka ta ga farin gari ya daskare a gindin kofin ubanta. Ta wanke shi tas, ta sami tsohon a baranda.

"Baba, don Allah ko me aka tambaye ka, ka ce ba ka sani ba."

"Me za a tambaye ni, uwata? Wa yake tambayata wani abu a gidan nan?"

Ranar Asabar da safe babbar macen cikin kifayen ta kwanta a gefe ɗaya. Sukanta ya tsamo ta, ya shimfiɗa a tsumma, ya daɗe yana kallo. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya jawo kujera kusa da tsohon, murya a karye.

"Baba, kai ka san kifi. Ni na rasa. Me zai mai da ruwa haka?"

Jhuma na bakin ƙofa da tiren shayi, tana girgiza kai a hankali. Haradhan bai ma gan ta ba. Tun da ya baro ƙauye ba wanda ya sake cewa ya san wani abu, daɗi ya rufe shi har idonsa ya kawo ruwa. Ya miƙe bayansa, ya gyara murya.

"Ba ruwan ba ne, ɗana, tawadar nan ce. Ba don farar ƙasar da nake zuba musu kullum ba, da tuni duk sun tafi."

Sukanta bai ɗaga murya ba. Ya naɗe kifin a tsumman, ya miƙe, ya ce wa Jhuma ta haɗa wa Baba kayansa, har da bargo, don an ce gidan tsofaffin akwai sanyi. Haradhan kuwa bai gama ba tukuna, yana nan yana bayanin yadda ake dama ta.