Ranar da Sai-Dai Ya Yabi 'Yan Ratsi

A bakin titin da manyan motoci ke bi, tsakanin shagon mai aski da rumfar mai walda, akwai wani mai faci da kowa ke kira Sai-Dai. Ba daga gida ya zo da sunan ba, a bakinsa aka tsince shi. Duk maganar yabon da ta biyo ta gabansa sai ya ɗaura mata wutsiya. In aka ce an yi ruwa mai albarka, sai ya ce, "An yi, sai dai bai ratsa ƙasa ba." Ranar da aka kawo masa jikansa na fari ya karɓa, ya daɗe yana dubawa, ya ce yaro ya yi kyau, sai dai kunnen na dangin uban ne.

Tun yana saurayi yake faci. Kayan aikinsa ba su da yawa: injin iska mai tari kafin ya tashi, ƙarafan ɓalle taya, gwangwanin gam, da rabin duro cike da ruwa baƙi ƙirin. In aka kawo masa tub, sai ya hura shi, ya danna shi cikin ruwan gaɓa-gaɓa yana neman inda kumfa za ta taso. Mai mota na rantsuwa huda ɗaya ce, shi kuwa ba ya ɗagowa sai ya zagaye tub ɗin kaf, don ya sha ganin ta biyu ta ɓuya a gindin bawul.

To da wannan idon yake kallon ƙwallo.

Ƙungiyarsa ita ce 'Yan Ratsi, babbar ƙungiya, wadda ta saba ci har magoya bayanta suka manta yadda ake murna. Washegarin kowane wasa, kafin rana ta yi zafi, sai bencin gaban rumfarsa ya cika. Mai aski zai zo da almakashi a aljihu, mai walda da tabaransa a goshi, sai direban tanka, sa'an Sai-Dai, wanda ba shi da ƙungiya sai duk wadda ke karawa da 'Yan Ratsi. A yi ta musu kamar za a doku, amma magana ba ta ƙarewa sai mai faci ya goge hannu a tsumma ya ce, "Mun ci kam, sai dai..." Daga nan kowa ya kasa kunne. Abin da ya faɗa shi za a ɗauka a kai tasha, a kai kasuwa. Mutumin nan gidan haya yake zaune, 'ya'yansa sun watsu neman abinci, bai taɓa riƙe ko shugabancin 'yan layi ba. Bencin nan shi ne sarautarsa.

Ana nan, wata rana a gidan kallo na ƙanen matarsa, aka ba 'Yan Ratsi bugun daga kai sai mai tsaron gida, ɗan wasa ya ɗaga ta sama kamar mai harbin tsuntsu. Sai-Dai ya miƙe zai yi magana, ɗakin ya juya masa, ya faɗi a kan mutanen gaba. Likita ya auna shi, ya sake aunawa, ya ce jininsa ya hau hawan da ba na wasa ba. Ya hana shi gishiri, ya hana shi kallon ƙwallo.

Gishirin bai dame shi ba.

Matarsa ba ta tsaya jan magana ba. Ta ɗauke rediyo ta kulle a akwatinta, ta taka har gidan kallon ta ce wa ƙanenta, "In ka bar yayanka ya leƙa ɗakin nan, kai za ka zo ka yi mini takaba." A gida kuwa ta ce, "Malam, su waɗannan da kake mutuwa dominsu, ko sunanka sun sani?"

"Ke ba za ki gane ba," in ji shi.

"Na gane kai na ɗauko daga asibiti, ba su ba."

Abin da ya hana shi sukuni shi ne bencin. Alƙalin da bai ga shari'a ba, wa zai saurari hukuncinsa? Saboda haka ya ce musu yunwa ce da zafin ɗaki suka kayar da shi, kuma yanzu a gidan surukinsa yake kallo, can ƙetaren gari, inda akwai ƙatuwar talabijin da fanka, babu hayaniyar yara. Ƙanen matar ya ji, ya kama bakinsa.

Gaskiyar kuwa, da lokacin wasa ya yi sai ya rufe rumfa ya kama hanya kamar mai zuwa ƙetaren gari, ya sha kwana, ya dawo ta bayan gidan kallon. Akwai wani lungu a wurin, tsakanin katangar kwano da tarin tsofaffin tayoyi. Ba ya iya zama. Ya je ƙarshen lungu ya dawo, ya jingina da kwano ya ji zafi ya janye, ya tsinci ƙusa ya jefar, ya sake tsinta. Muryar mai sharhi ba ta fitowa sosai, ƙarar janareta ta cinye ta, amma ihu yana fitowa. Da ihun yake ƙirga ƙwallaye. In an tashi, sai ya laɓe bayan tayoyin yana tsintar maganganun masu fita kamar kaza a masussuka: wannan ya zagi mai tsaron baya, wancan ya ce an yi jinkirin canji. Ya kai su gida ya kwana yana haɗawa, da safe ya goge hannu a tsumma ya ce, "Mun ci kam, sai dai bayanmu na yoyo ta hagu."

Kuma ba wanda ya gane. Bayan 'Yan Ratsi kullum yana yoyo ta wani wajen.

Tambaya ce kawai ba ya iya yi. Ranar da ya ce wa wani "nawa aka tashi?" ranar sarauta ta ƙare.

Haka aka yi ta tafiya har ranar da 'Yan Ratsi suka kara da wata 'yar ƙungiya da ke can ƙasan tebur, wadda ko sunanta mutane ba sa iya faɗa daidai. Sai-Dai yana lungunsa yana kai da kawowa. Ba a jima ba ya ji ihu, amma sama-sama, irin na mutane kaɗan. A ɗakin nan magoya bayan 'Yan Ratsi su ne masu yawa, in su suka ci ai kwano sai ya girgiza. Wannan ihun 'yan tsiraru ne, na su direban tanka. Aka sake irinsa. Aka kuma sakewa kafin hutu. Ya dafa tayoyin, ya ji jijiyar wuyansa na bugawa, ya lalubi aljihu ya tuna ya bar maganin a gida.

Bayan hutu, can wajen ƙarshe, sai ɗakin ya fashe. Ana buga kwano, ana buga benci, har ƙura ta zubo masa a ka. Ya ce a ransa, yauwa, namu ne, mun farke ɗaya. Bai gama sauke numfashi ba aka sake fashewa fiye da na farko. Biyu ke nan. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama yana jiran na uku. Na uku bai zo ba.

Aka buɗe ƙofa. Mai aski ne ya fara fitowa, ya tuɓe rigarsa mai ratsi ya rataya a kafaɗa kamar tsumman goge reza. Mai walda na biye yana faɗa da iska.

"Uku da biyu! Da waɗannan 'yan tsaki? Wallahi ko ni ne koci yau zan ajiye aiki!"

"Mai tsaron gidan nan kwando ne," in ji wani. "A mayar da shi inda aka sayo shi."

Direban tanka kuwa dariya yake har yana riƙe ƙugu.

Sai-Dai bai ci abincin kirki ba ran nan. Abin mamaki, ba haushi ya ji ba. Tunawa ya yi ta yi da yadda yaran nan suka sha ci masa wasa yana bin su da sai dai, ko sau ɗaya bai ce madalla ya yi shiru ba. Yau ga shi an dura musu uku, ba su zube ba, sun taso sun farke biyu, kuma duk gari ba mai cewa sannu. Matarsa ta ga yana juya cokali ta ce, "An ci ku ne?" Ya ce, "Wa ya ce miki na san an yi wasa?"

Da safe benci ya cika fiye da kullum. Fuskoki a murtuke, kowa na jiran wuƙar da zai zaro. Ya bar su suka gaji da zagin koci, ya gama danna wani tub a ruwa, ya goge hannu.

"Ku saurara," ya ce. "Yau ba zan ce sai dai ba. Yaran nan sun yi ƙoƙari."

Mai walda ya sauke tabaransa ya dube shi.

"Eh, sun yi. Wanda aka zura wa uku kafin hutu, ya dawo ya farke biyu, ba ragon namiji ba ne. Faɗuwa ɗaya ba ta kashe doki. Ku bar su su huta, mako mai zuwa za su rama."

Mai aski ya dubi mai walda.

"Baba," in ji mai aski a hankali, "wa aka zura wa uku?"

"Mu mana."

"Mu muka zura uku, Baba. Su suka farke biyu. Mu muka ci wasan."

Direban tanka ya zame daga benci ya zauna a ƙasa. Da ƙyar ya samu numfashin magana. "Alƙali! Talabijin ɗin surukin naka a kife aka kafa ta? Ihun ƙarshen nan ai namu ne, mu 'yan baƙin ciki! Su naku da suka ci ukun ko tashi ba su yi ba, wai ai dole ne!"

Kalmar ihu ce ta tona sauran. Mai aski ya dubi Sai-Dai, ya dubi hanyar lungu, ya ce, "Ashe kai ne yara ke cewa suna gani a bayan tayoyi."

Mai walda bai yi dariya ba. "Baba, makon jiya na yi faɗa da ƙanena har muka daina gaisawa, a kan maganarka cewa lamba shida ne ke kashe mu. Ashe ko ganinsa ba ka yi ba."

"A bakinka na ji," in ji Sai-Dai, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kai ka fito kana zaginsa."

Wannan ya fi komai ɓata wa mai walda rai. Ya tashi ya koma rumfarsa, ya kunna wuta tun ba a kawo masa aiki ba. Saura suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya.

Daga ranar zaman ya koma shagon mai aski. Sai-Dai na jiyo su ta bango, direban tanka ya zama mai yanke magana, yana aron kalmominsa yana sa su inda ba su dace ba. Shi kuwa ya share gaban rumfa, ya sake sharewa, ya jera ƙarafa, ya wargaza, ya canza ruwan duron da ya shekara bai canza ba. Lungun ma ya daina zuwa, tunda yara sun san wurin. Ranar wasa sai ya zauna a gida yana kaɗa ƙafa har matarsa ta ce tabarma za ta huje.

Ita ce ta gaji. Wata safiya, washegarin wani wasan, ta ce, "Malam, gashinka ya yi yawa. Tashi ka je a rage maka."

"Ni da nake da sanƙo?"

"To a rage sanƙon."

Ya je. Mai aski ya kakkaɓe kujera ya ce, "Bismilla, Baba," ya yafa masa ƙyalle. Sai-Dai ya zauna yana kallon su ta madubi. Ya yi ta haɗiye tambayar, har ta fi ƙarfinsa.

"Jiya... nawa aka tashi?"

"A'a," in ji direban tanka. "Ba mai faɗa masa. Alƙali, ga fuskoki nan, karanta."

Sai-Dai ya bi su ɗaya-ɗaya ta madubin, yadda yake bin tub a ruwa. Mai aski ya ɗaure fuska. Wani yaron mota na tsaki. Mai walda na can kusurwa ya harɗe hannu, bakinsa cike da maganar da yake jira a ba shi fili ya zubar.

"Kun ci," ya ce.

"Ta yaya ka sani?" in ji direban tanka.

"Wanda aka ci ba ya zuwa da baki cike haka. Gida yake zama ya ce kansa ke ciwo."

Dariya ta tashi, har mai walda sai da ya juya fuska bango.

"Ɗaya da nema," in ji mai aski. "Amma Baba, da ka ga yadda muka..."

"Ban gani ba," in ji Sai-Dai. "Kai da ka gani, faɗa mini. Fara daga baya, ta hagu."

Mai walda ya jawo kujerarsa kusa. "Ba hagu ba ce wannan karon," ya ce. "Bari ka ji."