Likkafani a Tsakiyar Hanya

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da muka ɗaure kaya za mu bar Jandutsi ba. Shekarar da Nasara suka ci Sakkwato ce. Kan malamai ya rabu, wasu suna cewa zama a ƙarƙashin kafiri bai halatta ba, sai dai a yi hijira gabas, wasu kuma suna cewa a zauna a yi haƙuri. Mijina ne limamin garin. Yana ta jujjuya littattafai, ni kuwa ina zuga shi. Gaskiya ni ce mai ɗokin tafiyar, don tun bai yanke shawara ba na kyautar da dutsen niƙana.

Da hantsi muka koro jakunanmu, sai ga maƙwabciyarmu, wata tsohuwa makauniya, zaune a tsakiyar hanya ta rungume wani ƙunshi. Na ce, "Inna, kauce kar jaki shi taka ki."

Ta ce, "Ba da ke nika ba, ɗiyata. Malam, wanga likkahwanina na. Masu karatu duk sun tahi, sai kai ɗai. Bari in kwanta ka yi mani salla, sannan ka wuce."

Malam ya ce, "Subhanallahi, Inna! Ai ba a yi ma mai rai sallar gawa."

"To in na mutu wa ka yi mani? Nasara?"

Sai a lokacin na lura da masu rakiyarmu: tsofaffi, guragu da masu jego, duk waɗanda ƙafarsu ba za ta kai su gabas ba. Malam ya daɗe yana kallonsu, sannan ya juya ya fara kwance igiyar kaya.

Fushi kam na sha shi, musamman da na koma ina aron dutsen niƙan da ni na kyautar. Abokan karatunsa da suka tafi kuma suka aiko masa cewa ya zaɓi duniya. Maganar ta yi masa ciwo ƙwarai.

Da kaka Inna ta rasu. Ni na yi mata wanka, na kwance ƙunshin nan da hannuna ina kuka, Malam ya sallace ta. Allah Ya ba waɗanda suka yi hijira ladansu. Ni dai tun ranar na gane cewa mutum kan gudu domin addini, wani kuma domin addinin yake zama.