Yajin Jego a Ƙofar Sito

Wata rana cikin makon jiya na sauka garinmu, bayan shekarun da na yi ina yawon neman abinci a Kudu.

An sare durumin tasha. Mai shayinmu ya rasu. Filin da muke buga ƙwallo kuwa, wani kamfani ya kafa ƙaton sito na albasa a kai.

Gaskiya an ci gaba. A da, albasarmu a rumbu take ruɓewa kafin a samu mota. Yanzu tun daga gona ake saye, a auna, a ajiye inda iska ke ratsawa, mota ta ɗauka ranar da aka tsara.

Na ji daɗi. Amma ina ta zagaye gari kamar baƙo.

A ƙofar siton na tarar da wata tsohuwa rungume da ƙulli, tana roƙon direban tirela ya kai wa 'yarta Larai a Fatakwal. Haihuwar fari Larai ta yi, ba ta samu zuwa wankan gida ba. Yajin jego ne a ƙullin, da hannunta tsohuwar ta daka, tana so ya isa kafin a yi arba'in.

Ta ce ai haka ake yi tun tana amarya. Ka ba direban albasa saƙo, shi ya san gidan kowa.

Direban bai yi mata tsawa ba. Har ƙasa ya durƙusa, ya ce ta yi haƙuri. A nan ake rufe motar, sai can ake buɗewa, kuma akwai na'urar da ke kai ƙararsa ofis in ya ratse hanya. Abokin aikinsa ma kan ɗan buhun kuka aka sallame shi.

Mota ta tashi. Tsohuwar ta bi ta da ido har ta sha kwana.

Na matsa na gaishe ta.

Na ce, "Inna, ki kira ta a waya mana. Ai a can ma ana sayar da yaji a kasuwa."

Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ba yaji ta rasa ba. So nake in ta buɗe ƙullin nan, matan gidan su san yarinyar tana da uwa."

Na miƙa hannu na karɓi ƙullin, na ce in na koma Kudu ni zan kai wa Larai.

Da niyyar in yi wata guda na zo, amma na san halina, zaman ya fara isa ta. Yanzu haka jakata nake haɗawa. Na fitar da takalmi da riguna biyu, ƙullin ya shiga.

Tawa Innar tana tsaye bakin ƙofa. Ba ta ce in zauna ba. Ta dai aika a aro mata turmi, za ta daka mini nawa ƙullin.

Darasi: Ku masu tsara sito da motoci, Allah ya ƙara basira, kun ceci albasarmu. Amma motocin nan ba buhuna kaɗai suke ɗauka ba. Ku ware ɗan lungu ɗaya, a hukumance, na saƙon iyaye.

Tura wa wanda ya daɗe bai ga ƙulli daga gida ba.