Ranar da Kaka Laraba Ta Kira Ni Cikin Matattu

Ina tsaye da cinyar kaza a hannu, rana tsaka, na ji an kira sunana cikin matattu.

Ƙauyenmu yana bayan dutsen Kagoro, duka mutanensa ba sa cika coci ɗaya, amma ba mu taɓa rasa mawaƙi ba. Duk bikin godiyar girbi, Kaka Laraba ce ke rera sunayen mutanen gari gida-gida. Masu rai da kiɗa, sannan a ajiye ganga ta kira waɗanda suka tafi.

Aka ajiye ganga. Ta kira babana, ta kira ni.

Ba wanda ya yi dariya. Na ajiye cinyar kazar.

Na durƙusa na ce, "Kaka, ban gama firamare ba, amma na san ina numfashi. Ga yarana ma."

Ta ce, "Ɗana, tun da ka koma Kafanchan, hayaƙi ya taɓa tashi a gidanku?"

"Aiki ne, Kaka."

"Ni ba na zaɓa. In na fara waƙa, inda na ga mutum a tsaye nan nake kiransa. Kusa da babanka na gan ka. Har ya matsa maka wuri."

Ban koma Kafanchan ranar ba. Na fasa kwaɗon gidanmu, na hura wuta har maƙwabta suka zo da bokitai. Matata ta kira waya, na ce ta taho da tukunya.

Jama'a, yaushe rabon da a ga hayaƙi a gidan ubanku?