Harawar da ta yi funfuna

Shekarun baya, jikata tana 'yar ƙarama, duk ƙarshen damina sai fuka ta taso mata. Ƙirjinta ya riƙa kuka kamar 'yar kyanwa, mu kwashe ta daga ƙauyenmu na wajen Gagarawa zuwa asibiti a Gumel. A kwantar da ita, a sallame mu, kafin mu huta mu sake komawa.

Ni kuwa na riga na gama bincikena, wai sanyi ne. Na hana ta ruwan randa, na hana ta wankan safe. Kullum tana kusa da ni a gindin rumfar da nake tara wa tumakina harawa, don nan iska ba ta kaɗawa.

Wata shekara ruwan ƙarshe ya doki harawar bayan mun ɗaure ta, ta yi funfuna baƙi ƙirin. Nakan sauke ta in baza a rana ina juyawa, wani abu kamar toka yana tashi, yarinyar tana taya ni.

Rannan mai ɗakina ta ce, "Malam, ni fa na lura, duk ranar da ka juya harawar nan, washegari muna cikin motar Gumel."

Na ce, "Ke dai tun da tumakin nan suka cinye miki zogale kike neman su da sharri."

Na faɗa ne kawai, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Da aka sake kwantar da yarinyar, na kasa zama, ina ta kai da komo a baranda, har na tare wata ma'aikaciyar jinya na tambaye ta.

Ta ce, "Baba, funfuna tana sakin wasu 'ya'ya ƙanana da ido ba ya gani, iska ta kwashe su. Yaro mai fuka in ya shaƙa, ƙirjinsa na iya toshewa."

Da na dawo, na kai harawar can ƙarshen gona na ƙone ta. Tumakin suka rame, na sayar da su a Maigatari tun Sallah ba ta zo ba. Fukar ba ta rabu da ita ba, amma kwanciya asibiti ta ragu ƙwarai.

Har yau in hadari ya haɗu a lokacin kaka, sai in tashi in hau shinshina harawar tumakin da na sake saya. Jikar tawa, da ta zama budurwa, takan leƙo ta ce, "Tsoho, ka bar wa tumaki abincinsu mana." Sai ta ɗebi ruwan randa ta sha a gabana, ni kuwa ba na hana ta.